Inda Waya Ta Tsaya

Hutun da ya wuce na koma gida Agye da wata ƴar na'ura cikin jakata, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. A Maraɗi na saye ta, don wata matsala da ta daɗe tana ci mini rai: wifi na gidanmu yana ƙarewa a bakin zaure, ɗakin Inna kuwa yana can ƙuryar gida, bayan rumbu da turken awaki. Kafin in gaya muku yadda muka ƙare da ita, bari in ja ku baya kaɗan, don da na zauna na duba sai na ga matsalar ta girmi wifi, ta girmi Inna, ta ma girmi ƙasar da ake kira Nijar.

Ku yi mini haƙuri in fara da kalma, ciwon masu karatun harshe ke nan. Kalmar “waya” aro ce daga Ingilishi, ta shigo mana ta Najeriya, kuma asalinta zaren ƙarfe take nufi. Daga nan aka sami wayar tangarahu, da gidan waya, da buga waya. Ni a ganina wannan “buga” ɗin ma daga ma'aikacin tangarahu ya fito, mai ƙwanƙwasa ɗan maɓallinsa. Da rediyo ya zo sai wasu suka ce wayar iska. Yau kuma abin da ke aljihunka, wanda babu ko zare ɗaya a jikinsa, shi muke kira waya, har in mutum yana nufin ta ƙarfen sai ya yi ƙarin bayani. Mu nan gefen muna da namu na Faransanci: rezo, kredi, forfe, kuran, poto. Ƴan'uwanmu na Katsina su ce falwaya, mu mu ce poto, abu ɗaya ne dai, dogon ƙarfe ko icen da waya ke hawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda sunan waya ya shiga kowane ɗaki a ƙasar nan, ita kanta wayar kuwa ba ta taɓa shiga ba. Kullum akwai inda take tsayawa.

To in ta tsaya, wa ke ƙarasa saƙon?

A gidan Bahaushe amsar tsohuwa ce: yaro. Dubi yadda aka gina gidan. Zaure na fuskantar hanya, nan baƙo ke sallama, nan maigida ke zama da abokansa, nan labarin duniya ke sauka. Daga zaure sai ka karkata, don an yi ƙofar yadda ido ba zai miƙe ya ga tsakar gida ba. Da gangan magina suka yi haka. Gida ne da aka gina don ya tare ido da murya. Saboda haka duk abin da zai shiga ko ya fito sai an sami mai tsayawa tsakani, wanda ƙafarsa ke da izinin taka ɓangarorin biyu. “Kai, shiga ka ce ana sallama.” “Ke, tahi ki ce shina zuwa.” Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, hatsi da ƙuli da mai na fita suna shiga ba tare da sun taka kasuwa ba. Wata kuma, Enid Schildkrout, ta bi diddigin yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ƙafar yara ce ke ɗauke da wannan ciniki. Mu da muka tashi da tiren talla a ka ba mu bukatar a gaya mana. Ni kaina na yi shekaru ina wannan aiki, kuma na san aibinsa: ɗan aike yana mantuwa, yana tsayawa kallon dambe, kuma yana jin abin da bai kamata ya ji ba.

Abin da ke tsakanin zaure da ɗaki shi ne tsakanin gari da gari. Sarakunan Maraɗi da na Tsibirin Gobir, wanda yau ke cikin gundumar Gidan Rumji, da mahaya da ƴan ƙafa suke aika saƙo, tambari kuma ya sanar da na kusa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta Gazawa daga Tasawa zai tafi Katsina. Wasiƙunsa ayarin fatake ke ɗauka su ƙetare hamada zuwa Tarabulus, su yi watanni a hanya, har akwai lokacin da aka baza a Turai cewa ya mutu alhali yana raye.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na 1899. A shekarar nan rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa. Labarin ta'asar ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa da aka kora daga rundunar, a watan Afrilu kuma gwamnatinsu ta ba da umarnin a je a karɓe jagorancin. Umarnin ya isa Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, cikin sauri, don can akwai tangarahu. Daga nan waya ta tsaya. Kanar Klobb ya ɗauko saƙon da kansa, tafiyar sama da kilomita 2000, bai cim musu ba sai ranar 14 ga Yuli a Dankori kusa da Tasawa, nan kuma suka harbe shi. Tsakanin Afrilu da Yuli aka ƙone Birnin Ƙonni, aka bi ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi ana kashe mutane. Ba na cewa da waya ta iso da Turawan mulki sun zama mutanen kirki, a'a. Ina dai nuna cewa tazarar da ke tsakanin inda waya ta tsaya da inda mutane suke, a wata ukun nan kakanninmu ne suka biya ta da rayukansu.

Da mulkin mallaka ya zauna an ja wayar, amma an ja ta ne daga ofis zuwa ofis, daga kwamandan wannan bariki zuwa na wancan. Ba don manomin Gangara aka kafa ta ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ma tarho na gida bai wuce ofisoshi da gidajen manyan ƴan kasuwa ba. A farkon shekarun 2000 layin tarho na waya a Nijar bai wuce kamar 2 ga kowane mutum 1000 ba. Ku lissafa da kanku nawa ne zai faɗo a ƙauyukan Agye.

Abin da ya fara tsallake katanga ba tare da neman izinin zaure ba shi ne rediyo. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, sashen Hausa na BBC kuma ya riga shi da shekara ɗaya. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo na ƙauyuka: a taru a saurara, a tattauna, a naɗi muryoyin mutane a aika Yamai a sake watsawa. Amma ainihin canjin ya zo ne da ƙaramin rediyo mai batir, wanda mace za ta rataya a ƙusa tana tankaɗe. Sai kuma kaset. Ƴan ci-rani da ba su iya rubutu ba sukan naɗi muryarsu su ba direba ko wani mai komawa gida. Inna ta ce lokacin da ƙanenta ke Legas haka suke yi, in kaset ya zo sai a ari rakoda, ta shiga ɗaki ta saki labule, ta ji shi sau uku ko huɗu, ta yi kukanta ba mai ganinta. Ku riƙe wannan labulen, za mu dawo kansa.

Wayar wuta ma tafiyarta ɗaya da ta tangarahu. Duk wanda ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi, Cadawa, Agye har Gazawa, ya ga manyan turakun ƙarfe. Babban layi mai ƙarfin kilovolt 132 yana tasowa daga Katsina ya sauka a tashar Gazawa, daga nan ya rabu, reshe ɗaya Maraɗi ɗaya Damagaram. Wutar manyan birane biyu ta kan gonakinmu take wucewa, ƙauyuka da yawa da ke ƙarƙashinta kuwa da tocila suke kwana. Ba a iya saƙala wa irin wannan layi ƴar waya a ja zuwa gida, sai da tasha mai rage ƙarfi, ita kuma kuɗi ce mai yawa. Dalilin gaskiya ne, na yarda. Amma sakamakonsa shi ne wanda muka saba.

Salula ta shigo Nijar a 2001. Celtel ta zama Zain, Zain ta zama Airtel a 2010, Orange ta zo a 2008 daga baya ta koma Zamani, Sonitel da SahelCom aka haɗe su suka zama Niger Telecom a 2016. Sunayen ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne a karon farko aka kawo sadarwar da ba ta bukatar a ja wa kowane gida zare: a kafa dogon ƙarfe guda, iska ta ƙarasa sauran. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ji kuɗin buhun gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Sai dai su ma dogayen ƙarafan kwalta da manyan kasuwanni suka fara bi. Wa bai san tudun da ake hawa a ƙauyensu don neman rezo ba, ko iccen da ake rataya waya a jira saƙo ya faɗo? A ƙauyukan bakin iyaka kuma mutum na riƙe da layi biyu, na Nijar da na Najeriya, wanda iska ta kawo shi ne nasa.

Yanzu mu dawo gidanmu. Ƙanen Baba yana da shago manne da zaure, akwai kuran a ciki, ya sa akwatin wifi mai layin salula, samari na zuwa su ba da dala ashirin su hau. Mu ƴan gida kyauta. Yayanmu, ɗan farin Inna, shekararsa uku a Aljeriya, kuma ta WhatsApp yake kira don kiran layi ya fi ƙarfin aljihunsa. Ya aiko mata da waya mai kyau. Amma ɗakinta rufin kwano ne, bangon ƙasa mai kaurin kamu guda, rezo na shiga da ƙyar, forfe kuma ba kullum ake da kuɗinsa ba. Don haka in za a yi magana sai ta zo bakin zaure.

Wanda ba Bahaushe ba zai ce to ta zo mana, taku nawa ne? Mu mun san abin da ke nan. Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ba ta taɓa faɗi ba. A gaban mutane ko kallonsa ba ta cika yi ba, balle ta tsaya inda abokan Baba da samarin unguwa ke ji ta tambaye shi ko yana cin abinci. Sai abin ya koma yadda yake tun zamanin kakanni: ƙanwata Auta ta ɗauki wayar ta je zaure, saƙon murya ya sauka, ta kawo ɗaki. Inna ta naɗi amsa, Auta ta koma zaure don ya tafi. Shekara uku ba su yi magana baki da baki ba sai ranar salla, a tsaye, cikin hayaniya, “Lahiya lau, Allah shi yi albarka,” shi ke nan. Kaset na zamanin da ma ya fi wannan mutunci, tunda ba ya bi ta hannun yarinya mai shekara 11 da ta iya danna maɓalli.

Hanya mafi inganci, in faɗi gaskiya, ita ce a ja waya. Wayar intanet ta cikin gida tana kai mita 100 ba tare da ta raunana ba, mu kuwa ko rabin haka ba mu bukata. Na faɗa wa Baba. Ya ce, “Ba a huda mini bango. Ramin da ka yi da rani, damina ta ka faɗaɗa shi.” Ya ƙara da awaki, da yara, da ɓera. Ban iya musa ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu na karanta ta ne, kuma ta burge ni: akwai na'urori biyu da ake soka wa a soket, ɗaya kusa da akwatin wifi ɗaya a ɗaki mai nisa, su aika intanet ta cikin wayar wutar da ke bango tun da. Tun 2001 ake sayar da irinsu a Turai da Amurka. Dabara ce ta masu tsohuwar waya a kowane ɗaki, duka a kan mita guda. Ɗakin Inna ba shi da wayar kuran ko ɗaya, ɗan pano na hasken rana gare ta da batir, na ƙwai biyu da cajin waya. Ba a bin tsohuwar waya inda ba a taɓa jan sabuwa ba.

Saura ta uku, ƴar sabulun nan tawa. Masu shago repeta suke ce mata, ni kuwa a raina ƴar aike na sa mata suna, don aikinta ke nan ba ƙari: ta ji daga akwatin zaure, ta maimaita wa na ciki, ta ji daga na ciki ta mayar. Ita kanta dabarar aika bayanan kwamfuta ta iska daga matsala irin tamu ta fito. A 1971 malaman jami'ar Hawaii, wadda rassanta ke warwatse a tsibirai, suka haɗa kwamfutocinsu da rediyo maimakon wayar tarho, suka kira abin ALOHAnet. Daga irin wannan tunani aka zo ga ƙa'idar wifi ta farko a 1997.

Ranar farko na yi kuskuren da kusan kowa ke yi, na kai ta ɗakin Inna na kunna. Ba abin da ya faru. Auta ce ta yi mini dariya, ta ce, “Yaya, in ni ina ɗaki, ƙaƙa za ni ji sallamar zaure?” Gaskiyarta. Ƴar aike ba ta ƙirƙirar saƙo, abin da ta ji shi take kaiwa, in ta ji rabi-rabi haka za ta maimaita. Wurinta tsakiya ne, inda muryar akwatin ke da sauran ƙarfi. Kuma irin mai araha da na saya baki ɗaya gare ta, ba ta ji tana faɗi a lokaci guda, saboda haka saurin intanet ɗin yakan ragu da kusan rabi bayan ya bi ta kanta. Don kallon fim wannan asara ce. Don muryar mutum ɗaya ya isa har ya yi saura.

Kwana biyu ina yawo a tsakar gida da waya a sama kamar mai neman wata. Abin da na koya: bangon ƙasa mai kauri yana shanye wifi, in ya jiƙe ya fi sha, don ruwa abokin gabarsa ne. Ko randunan ruwan da ke jere a rumfa suna rage shi. Kwano kuma mayar da shi yake baya. Akwatin na da zango biyu, na 2.4 da na 5 gigahaz. Na 5 ya fi sauri amma bango ɗaya ke kashe shi, na 2.4 ya fi jure katanga, shi na zaɓa. Sai na roƙi Baba ƙarami ya ɗaga akwatin daga ƙarƙashin kanta zuwa saman tagar baya, mai kallon cikin gida. Wannan kaɗai ya ƙara taku goma. Ita kuma ƴar aiken na ɗaure ta a ƙarƙashin rumfar dakan Inna, sama, cikin inuwa saboda zafin bazara, inda take hangen tagar shago ta gefe ɗaya, ƙofar ɗakin ta ɗaya gefen. Magina sun karkata ƙofa don kada ido ya miƙe, ni kuma na kwana biyu ina neman inda zai miƙe ta sama.

Wutar da za ta ci na ɗauko daga batirin panon Inna, da guntuwar wayar caji, ba daga shago ba. Ina da dalili. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris na 2024. Layin Gazawa na cikin waɗanda suka yi shiru. A watannin nan masu ɗan pano sun fi masu mita kwanciyar hankali. Shi ma Baba ƙarami tun lokacin ya haɗa akwatinsa da batir. Yanzu har maganar Starlink yake, wanda aka ba izinin aiki a Nijar ya fara a 2025, faranti a kan rufi yana ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam. Na ce masa ko daga sama ya sauko, a rufin shago zai sauka, ɗakin Inna na nan inda yake.

Daren da abin ya kama, bayan isha'i, na shiga na nuna mata alamar ta cika a fuskar wayarta. Ta duba, ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Wanga abu, na zaure suna jin abin da ni ka faɗi?” Na ce ba su ji. Ta ce, “Auta fa?” Na ce ita ma ba ta ji, sai in tana ɗakin. Ta juya ta dubi Auta, Auta ta tashi tana ƙunƙuni, an sallame ta daga aiki. Na danna mata sunan Yaya, wanda a wayarta “Babban gida” aka rubuta. Ya fara ƙara. Ta miƙo hannu ta karɓa, da ɗayan hannun ta yi mini alamar in fita, kuma in saki labulen.